Neman Gurbin Bit Guda a Tutocin Shafi na Linux

Wanda ya tashi daga birnin Washinton ya nufi yamma, ya wuce filin jirgin saman Dulles, zai iske garin Ashburn na gundumar Loudoun a jihar Bajiniya, inda manyan gine-gine marasa tagogi suka jeru, cike da kwamfutocin da ke ɗauke da wani kaso mai yawa na hidimomin intanet na duniya. Akasarin waɗannan injuna da Linux suke aiki. A cikin kowace, kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da injin, yakan yanka ƙwaƙwalwa gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bait 4,096, ana kiranta shafi. Kowane shafi kuma yana da ɗan katin shaida mai suna struct page, mai girman bait 64, wanda bait 8 na farkonsa su ne tutocin shafi. Tuta bit guda ce, ko a ɗage ko a sauke, tana amsa tambaya ɗaya: an kulle shafin nan? An sauya abin da ke cikinsa ba a kwafe shi a faifai ba? An taɓa shi kwanan nan? Duk mai ƙara wani sabon aiki a sashen ƙwaƙwalwa, ko ba jima ko ba daɗe, sai ransa ya raya masa ya nemi tuta tasa. Wannan jagora tana bayanin yadda ake bi, kuma matsayinta ɗaya ne: sabuwar tuta ita ce ƙofa ta ƙarshe, ba a ƙwanƙwasa ta sai an zagaya sauran ƙofofin an tabbatar a rufe suke, kuma wanda aka buɗe wa yakan biya da wata tutar da ya 'yanto.

A fara da lissafi, domin shi ne ke sa masu kula da wannan sashe taurin kai. Katin bait 64 a kan shafin bait 4,096 yana nufin kashi ɗaya cikin 64 na ƙwaƙwalwar injin ya tafi wajen rajistar ƙwaƙwalwar kanta. A shekarar 1994, lokacin da Thomas Sterling da Donald Becker suka haɗa kwamfutoci 16 masu furosesa 486 a cibiyar Goddard ta hukumar NASA da ke Greenbelt a jihar Maryland, suka sa musu Linux, suka kira haɗin Beowulf, kowane inji megabait 16 yake da shi, wato shafi 4,096 kacal. Yau inji mai terabait ɗaya yana da shafi 268,435,456, katunansu kuwa gigabait 16 suke ci. In wani ya ce a ƙara wa katin bait 8 don tutoci su sami sarari, ya ɗora wa wannan injin harajin gigabait 2, ko yana amfani da sabon aikin ko ba ya yi. Hasarar ba ta tsaya nan ba. Furosesa yana ɗibar bayanai daga ƙwaƙwalwa bait 64 a tashi ɗaya, saboda haka katin da ya cika bait 64 daidai ɗiba ɗaya yake buƙata, wanda ya kai 72 kuwa sai ya riƙa ratsa iyaka, a ɗebe shi sau biyu, a kan hanyar da kanel ke bi sau miliyoyi a daƙiƙa. Shi ya sa shawarar faɗaɗa katin ba ta yin nisa.

Mai karatu zai ce, to ai bait 8 bit 64 ne, tutocin da ke da suna kuma ba su wuce ashirin da ɗoriya ba, ina sauran? An daɗe da raba su. Tutoci suna cika kalmar daga ƙasa, daga sama kuma an yanka filaye ga wasu bayanai da ake son samu nan take ba tare da bin wani manuni ba. Fayil ɗin page-flags-layout.h shi ne taswirar rabon. Lambar shiyyar da shafin yake tana cin bit 3 a injin da ke da shiyyoyi biyar. Lambar gundumar ƙwaƙwalwa, a manyan injunan da kowane furosesa ke da ƙwaƙwalwar da ta fi kusa da shi, tana cin bit 10 in an shirya kanel don gunduma 1,024, kamar yadda manyan masu rarraba Linux suka saba yi. Sai filin da ke tuna furosesa da aiki, wato manhajar da ke gudana, da suka taɓa shafin a ƙarshe, wanda ake amfani da shi wajen matsar da shafi kusa da mai amfani da shi: bit 8 na aikin, bit 13 na furosesa in an shirya don 8,192, jimla 21. An riga an ci 34. Tsarin tsufan shafuka mai zuriya da yawa, wanda Yu Zhao na kamfanin Google ya kawo a Linux 6.1 a Disambar 2022, ya ɗauki bit 3 na lambar zuriya da ɗan ƙari na ƙidayar taɓawa. In aka haɗa da tutocin kansu, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba. Kuma a injin bit 32 kalmar rabin wannan ce.

Nan ake samun ƙorafi na biyu, cewa injunan bit 32 sun tsufa, bai kamata su hana Ashburn sakewa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma kanel ya amince da rabinsa: an halatta wasu tutoci su wanzu a injin bit 64 kaɗai, kamar PG_arch_2, wadda injunan arm64 ke amfani da ita tun Linux 5.10 wajen tuna shafin da aka yi wa tambarin kariya. Sai dai Linux ɗin da ke cikin manyan injunan Bajiniya shi ne ke cikin na'urorin rarraba intanet na gida da ƙananan injunan masana'antu masu furosesa ARM na bit 32, kuma lambar tushe ɗaya ce. Duk tutar da asalin sashen ƙwaƙwalwa zai dogara da ita dole ta samu gurbi a ƙaramin inji ma, in ba haka ba harhaɗa kanel ɗin zai tsaya da kuskuren cewa gurabe sun ƙare. Kuma lissafin da ya gabata ya nuna cewa babban injin ma ba a wadace yake ba.

Tambayar farko da mai neman tuta zai yi wa kansa ita ce: wannan bayanin na shafi ne kuwa? Sau da yawa na wani abu ne da ya fi shafi girma. Misali mai kyau daga yankin Washinton ɗin yake. A Disambar 2000 hukumar tsaro ta NSA da ke Fort Meade a Maryland ta fitar da SELinux, tsarin da ke liƙa wa abubuwan da ke cikin kwamfuta lakabin tsaro, ya kuma shiga kanel na 2.6 a 2003. Lakabin yana rataye ne a jikin fayil da jikin aiki, ba a jikin kowane shafi ba, domin duk shafukan fayil guda hukuncinsu ɗaya. Haka ƙa'idar take a ko'ina. In halin ya shafi dukan shafukan fayil, gurbinsa yana cikin tutocin address_space, inda ake rubuta, alal misali, cewa shafukan wannan fayil ba a korarsu daga ƙwaƙwalwa. In ya shafi wani yanki na adireshin aiki, gurbinsa yana cikin tutocin wannan yankin. In kuma ya shafi unguwar shafuka maƙwabta, akwai tutocin rukuni, waɗanda Mel Gorman ya kawo a Linux 2.6.24 don rage wargajewar ƙwaƙwalwa: a injin x86 na bit 64 rukuni guda megabait 2 ne, shafi 512 ke nan suna cin moriyar 'yan bit kaɗan. Mutum ya tsaya nan ya yi tunani da gaske, domin buƙatu da dama a nan suke warwarewa.

In bayanin na shafi ne tabbas, tambaya ta biyu ita ce ko za a iya gano shi daga abin da katin ya riga ya ƙunsa. A nan gwanintar ma'aikatan kanel ta fi fitowa. Manuni zuwa wani tsari a ƙwaƙwalwa kullum yana faɗawa kan adireshin da ke rabuwa da 4 ko 8, saboda haka bit ɗinsa na ƙasa sifili ne, fili ne da ba mai shi. Da wannan aka san shafin da ba na fayil ba: babu tuta gare shi, bit na ƙasa na manunin mapping ne ake ɗagawa. A Linux 4.4 Kirill Shutemov ya yi irin wannan da PG_tail, tutar da ke nuna cewa shafi jela ce ta wani babban shafi: ya mayar da ita bit na ƙasa na manunin da ke kai wa ga kan shafin, tuta guda ta kuɓuta. Wata dabarar ta dogara ne da filin ƙidaya. Filin _mapcount yana ƙirga sau nawa aka shimfiɗa shafi a adireshin ayyuka, amma shafin da ke zaune a rumbun shafukan banza ba a shimfiɗa shi ko sau ɗaya, filin nasa a banza yake. A Linux 2.6.38, shekarar 2011, Andrea Arcangeli yana buƙatar gurbi don manyan shafuka, injunan bit 32 kuma sun cika, sai ya cire PG_buddy daga cikin tutoci ya mayar da ita wata lamba ta musamman a wannan filin. Matthew Wilcox ya faɗaɗa dabarar a Linux 4.18 ta zama page_type, inda ake rubuta nau'in duk shafin da ba a miƙa wa ayyuka, kuma a 2024 PG_slab ma ta koma can. Sharaɗin dai a fili yake: shafin da zai iya shiga hannun aiki ba shi da rabo a wannan gurbin, domin ƙidayar za ta taka rubutun.

Ƙofa ta uku ita ce haya. A bakin titi a Kano ko Maraɗi akwai gurbin da mai ƙosai ke zama da safe, mai tsire ya zauna da dare, ba sa taɓa yin faɗa muddin kowa ya san lokacinsa. Tutoci da yawa haka suke rayuwa. PG_readahead, wadda ke cewa in mai karatu ya iso wannan shafi a fara jawo na gaba daga faifai, bit ɗaya take da PG_reclaim, wadda ke cewa da zarar an gama rubuta shafin a faifai a sake shi: ɗaya ta karatu ce, ɗaya ta rubutu. PG_owner_priv_1 kuwa gurbi ne da aka bar wa mai shafi ya yi yadda ya ga dama, tsarin fayiloli yana kiranta PG_checked, manhajar Xen tana kiranta PG_pinned. A Linux 5.19 David Hildenbrand ya buƙaci tutar da za ta nuna cewa shafin da ba na fayil ba aiki ɗaya ne tak ke riƙe da shi, sai ya lura cewa PG_mappedtodisk ba ta da ma'ana ga irin wannan shafi, ya ari gurbinta ya sa wa sabuwar suna PG_anon_exclusive. Akwai kuma sarari a manyan shafuka: shafin da ya ƙunshi ƙanana da yawa yana da kati ga kowane ƙarami, tutocin katin na biyu a banza suke, saboda haka halin da babban shafi kaɗai ke da shi can ake kai shi.

Wanda ya ce haya tana da haɗari bai yi ƙarya ba, kuma a ganina wannan ne ƙorafin da ya fi nauyi. Ranar da mai ƙosai ya makara ya iske mai tsire ya hura wuta, rikici ne. Lambar da ke kula da karatun gaba sai da aka sa mata sharaɗin ta duba ko ana cikin rubuta shafin, in ana yi ta yi biris da tutar, domin a wannan lokacin ma'anarta ta ɗaya maƙwabcin ce. Irin wannan kuskure ba ya ihu: shafi ne zai yi wani hali na daban sau ɗaya cikin biliyan, a injin wani, bayan watanni. Amma amsar ba ita ce a daina haya ba, tunda babu gurbin da za a rarraba wa kowa. Amsar ita ce a rubuta yarjejeniyar a cikin lambar kanta. Mai aro ya kawo hujjar cewa masu ma'anar biyu ba za su taɓa haɗuwa a shafi ɗaya a lokaci ɗaya ba, ya sa aikin da ke duba tutar ya fara tabbatar da nau'in shafin, ya bi duk inda shafi ke sauya nau'i ya tabbata ana sauke tutar kafin sauyin, ya kuma rubuta sharhi a gefen sunan a page-flags.h. In hujjar ta fi sakin layi ɗaya tsawo, alama ce hayar ba ta dace ba.

Ƙofa ta huɗu a wajen katin take. Tsarin page_ext, wanda ya shigo a Linux 3.19, wani jeri ne na daban mai gurbi ga kowane shafi, ba a ware masa ƙwaƙwalwa sai an kunna aikin da ke buƙatarsa. Da shi page_owner ke tuna wanda ya karɓi kowane shafi, kuma shi ya dace da duk kayan bincike da neman kuskure. Aikin gano shafukan da ke zaman banza, wanda Vladimir Davydov ya kawo a Linux 4.3, ya nuna yadda ake raba ƙafa: PG_young da PG_idle tutoci ne na gaske a injin bit 64, a injin bit 32 kuma suna zaune a page_ext, masu kiransu ba su san bambancin ba. Kuɗin da ake biya shi ne ƙarin ɗiba daga ƙwaƙwalwa a kowace dubawa, da kuma rashin iya sauya bayanin tare da sauran tutoci a bugu ɗaya.

Wannan bugu ɗaya shi ne ma'aunin wanda ya cancanci tuta ta gaske, kuma misalai biyu sun isa. Na farko PG_hwpoison, wadda Andi Kleen ya kawo a Linux 2.6.32 a 2009. Idan ƙwayar ƙwaƙwalwa ta lalace, injin ya sanar, kanel yakan yi wa shafin alama kada a ƙara ba kowa shi. Lalacewa ba ta zaɓen nau'i, tana iya faɗa wa shafin fayil ko na aiki ko wanda ke rumbu, kuma alamar dole ta zauna ko bayan an saki shafin, saboda haka babu wanda za ta yi haya da shi. A ginin da ke ɗauke da dubban injuna irin na Ashburn, wannan bit shi ne bambanci tsakanin rasa shafi ɗaya da kifewar inji. Na biyu PG_waiters, daga Nicholas Piggin, a Linux 4.10 na farkon 2017. Kafin ita, duk wanda ya buɗe makullin shafi sai ya leƙa jerin masu jira ko da babu kowa a ciki. Tutar tana cewa akwai mai jira ko babu, kuma amfaninta duka yana cikin kasancewarta a kalma ɗaya da PG_locked. Linus Torvalds ya matsar da ita bit na 7, cikin bait ɗaya da makullin, don umarnin furosesa guda ya sauke makullin ya kuma faɗi ko akwai mai jira. Abin lura shi ne Piggin bai zo hannu rabbana ba: facin, wato gyaran lambar kanel, da ya riga wannan ya tura PG_swapcache haya a gurbin PG_owner_priv_1, da sharaɗin ba ta da ma'ana sai PG_swapbacked tana ɗage. Ya 'yanto guda, ya karɓi guda.

Wanda buƙatarsa ta tsallake duk waɗannan matakai, sauran aikin na hannu ne, amma yana da ramuka. Ya ƙara sunan a jerin enum pageflags, a ƙarƙashin zaɓin harhaɗawa in aikin ba na kowa ba ne, don wanda bai kunna ba kada ya biya. Ya zaɓi manufar da ta dace da manyan shafuka, ko tutar a kan shafin take zama ko a kowane ƙarami. Ya yi hattara da ayyukan da sunansu ya fara da layi biyu a ƙasa, irin __SetPage, domin suna karanta kalmar su sake rubuta ta ba tare da kariya ba, kuma in wani furosesa ya ɗaga tutarsa a tsakani, ta ɓace. Ba a amfani da su sai a shafin da babu wanda ke ganinsa tukuna. Ya yanke hukunci ko sakin shafi da tutar a ɗage laifi ne, in laifi ne ya sa ta cikin PAGE_FLAGS_CHECK_AT_FREE. Ya duba lambar da ke ƙaurar da shafi da wadda ke farfasa babban shafi, domin duka biyun suna kwafe tutoci da sunansu, wadda aka manta kuwa a hanya za ta zube. Ya ƙara sunan a mmflags.h don ya fito a rahoton kuskure. Ya tuna cewa lambobin da /proc/kpageflags ke nuna wa manhajoji alƙawari ne da ba a karyawa, dabam suke da lambobin ciki, aikin stable_page_flags ne ke fassara tsakaninsu, kuma kayan binciken injin da ya kife suna karanta wasu lambobin tutoci daga vmcoreinfo. Sannan ya harhaɗa kanel ɗin don injin bit 32 da duk zaɓuɓɓuka a kunne, kafin wani ya yi masa.

Za a ji masu cewa duk wannan wahala ta kusa ƙarewa. Tun Linux 5.16, a Janairun 2022, folio na Wilcox yake tattara shafuka a ƙarƙashin kati ɗaya, kuma burin da ya bayyana shi ne struct page ya ragu zuwa manuni guda na bait 8, kowane nau'in ƙwaƙwalwa ya sami tsarinsa da tutocinsa. Hanya ce mai kyau, amma aikin shekaru ne, kuma kowace sabuwar tuta da ta bazu cikin lambar kanel ƙarin kaya ce da za a kwance kafin a isa. Saboda haka mai aika faci ga Andrew Morton da abokan aikinsa na sashen ƙwaƙwalwa ya rubuta a bayanin facin ƙofofin da ya gwada, dalilin da kowace ta ƙi buɗuwa, awon da ke nuna ribar a lambobi, da sunan tutar da yake shirin 'yantowa a madadin wadda yake nema.